Tarkon da ke tona asirin ƙudan da ke ɓata mangwaron Wusasa

Daga watan Afrilu zuwa Yuni mangwaro ne ke cika farantan 'yan talla a Wusasa, garin da ke wajen ganuwar birnin Zariya, kusa da Dutsen Kufena. Amma da damina ta kankama sai labari ya sauya. A sayi mangwaro fes a ido, a yanka a tarar da tsutsa.

Mai wannan aika-aika ƙuda ne. Macen kan huda fatar mangwaro ta zuba ƙwai a ciki, tsutsotsi su ƙyanƙyashe su cinye tsokar, ɗan itacen ya faɗo, su kuma su shige ƙasa su fito a matsayin sababbin ƙudaje. Mafi muni a cikinsu, wanda masana ke kira Bactrocera dorsalis, baƙo ne daga Asiya. An fara ganinsa a Afirka a ƙasar Kenya a 2003, kuma cikin 'yan shekaru ya iso Afirka ta Yamma. Bai bar gwaiba da lemo ba.

Namijinsa yana da rauni ɗaya: ba ya iya jure ƙamshin wani sinadari mai suna methyl eugenol, yakan biyo shi daga nesa. A kan wannan aka gina tarkon. Ana samun gorar roba, a huda ta ta gefe, a rataya auduga da aka jiƙa da sinadarin tare da ɗan maganin ƙwari, sannan a ɗaure ta a reshe cikin inuwa, wajen mita 1.5 zuwa 2 daga ƙasa. Duk mako sai a juye a ƙirga. Idan aka raba adadin ƙudajen da yawan tarkuna da kwanakin da suka yi a rataye, za a san ƙuda nawa tarko ɗaya ke kamawa a rana. Ranar da lissafin ya fara hawa, mai lambu ya san lokacin ɗaukar mataki ya yi, tun kafin ya ga ɓarna.

A nan ne da yawa ke yin kuskure. Gora ta cika da matattun ƙudaje, sai a ɗauka an gama yaƙi. Maza ne kawai a ciki. Matan da ke huda mangwaron suna nan a kan bishiya. Kuma ƙudan mangwaro na asalin Afirka, Ceratitis cosyra, wanda ya fi yawa tun da rani, bai damu da wannan ƙamshi ba, nasa sinadarin daban ne. Don a kama matan sai an haɗa da abincin yaudara mai furotin, irin wanda ake fesawa a ɗan sashe na bishiya.

Shi ya sa cibiyar icipe da ke Nairobi, da shirin yaƙi da ƙudan na ƙungiyar ECOWAS, suke nanata tsaftar lambu: a tsince duk mangwaron da ya faɗo, a ɗaure a baƙar leda a bar shi a rana, ko a binne shi da zurfi. Aiki ne da ba ya cin kuɗi, sai dai yana cin baya.

Matsalar wuri irin Wusasa ita ce bishiyoyin a warwatse suke, a gidaje da harabar makarantu da bakin hanya, kuma ƙuda bai san katanga ba. Wanda ya share ƙarƙashin bishiyarsa, maƙwabcinsa ya bar tasa, ruɓaɓɓen na maƙwabci zai ciyar da su duka. Ga kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR da NAERLS a Samaru, tafiyar 'yan mintuna a mota, inda ƙungiyar masu lambu za ta iya neman a nuna mata yadda ake ɗana tarkon da ƙirga abin da ya kama.