Doguwar Sanda a Goshin Jirgi: Yadda Masuntan Misisipi Ke Zaɓen Sandunan Kama Kirafi

A arewacin jihar Misisipi ta Amurka akwai manyan tafkuna huɗu da rundunar injiniyoyin sojan ƙasar ta datse don hana ambaliya: Arkabutla, Sardis, Enid da Grenada. Yau kuwa abin da ya fi fito da sunansu shi ne wani kifi da ake kira kirafi. Faɗin jiki gare shi, wanda ya san karfasa ba zai yi masa kallon baƙo ba, namansa kuma fari ne mai daɗi. A Enid aka kama farin kirafi mafi nauyi da aka taɓa aunawa, a shekarar 1957, mai nauyin kilo 2.35.

Wanda ya je Grenada a watan Maris, lokacin da kifin ke matsowa gaɓa don yin ƙwai, zai ga jirage suna tafiya kamar ba sa motsi. Mutum biyu na zaune a goshin jirgi kafaɗa da kafaɗa, a gabansu sanduna wajen takwas sun bazu a kan ruwa, kowace a soke cikin mariƙinta na ƙarfe. Masuntan suna kiran wannan dabara ɗaurin gizo-gizo. Ƙaramin inji mai aiki da batir ne ke tura jirgin, gudunsa bai kai kilomita ɗaya a awa ba. A kowane zare akwai dalma da ƙugiya biyu, galibi da ɗan ƙaramin kifi mai rai a maƙale.

Tsawon sandunan nan ba ado ba ne. Akasari suna kamawa daga ƙafa 12 zuwa 16, wato daga mita uku da rabi da ɗoriya zuwa kusan biyar, wasu ma har sun zarce. Kirafi kifi ne mai tsarguwa. A ruwan da zurfinsa bai wuce tsayin mutum ba, inuwar jirgi da ƙugin inji sun isa su watsa garken. Doguwar sanda tana kai ƙugiya gaban kifin tun jirgi bai iso ba, sannan tana buɗe tazara tsakanin zaruruwa don kada su sarƙe in an juya.

Sai dai tsawo yana da nasa haraji. Sanda mai ƙafa 16 ko 18 ta fi nauyi a hannu, iska ta fi kaɗa ta, kuma fito da kifi da ita sai wanda ya saba, don dole a ɗaga ta sama a jawo kifin zuwa ga raga mai dogon mariƙi ba tare da an bugi sauran sandunan ba. A ganina, mai fara koyo ya tsaya a ƙafa 14. Ta isa ta nisanta ƙugiya daga jirgi, kuma ba za ta gajiyar da shi kafin azahar ba.

Inda ake yawan yin kuskure shi ne kan sandar. A wannan su ba a riƙe sanda a hannu, don haka ba a jin cizo, ganinsa ake yi. Wani lokaci kan sandar ya ɗan rusuna, wani lokaci kuma ya miƙe tsaye domin kifin ya ɗauki ƙugiya ya yo sama da ita, nauyin dalma ya bar zaren. Kai mai tauri ba ya nuna ko ɗaya. Ga shi kuma fatar bakin kirafi sirara ce ƙwarai, da an fizga da ƙarfi sai ta yage, kifi ya tafi. Amma laushin kada ya wuce kai. In sandar ta lanƙwashe tun daga tsakiya saboda nauyin dalma, to babu sauran ƙarfin da za ta ɗago babban kifi, kuma duk igiyar ruwan da ta daki jirgi sai ta sa ta rawa, masunci ya kasa bambance cizo da kaɗawar ruwa.

Abin da na fi ba muhimmanci, fiye da tsada da sunan kamfani, shi ne sandunan gaba su zama iri ɗaya: tsawo ɗaya, laushi ɗaya, dalma mai nauyi ɗaya. Idan kawunan duka sun jeru daidai, 'yar tazara kaɗan daga fuskar ruwa, wadda ta saɓa wa 'yan'uwanta nan take ido ke kama ta. Wanda ya tara sanduna barkatai, ko da kowace mai tsada ce, zai wuni yana zargin wadda ba ta da laifi. Sandar girafayit ta fi sauƙin nauyi, ta faiba ta fi juriya da araha, kuma kamfanoni irin su B'n'M da ke garin West Point a Misisipi suna ƙera su musamman don wannan aiki. Mai amfani da wata dabarar daban, ta jan zare ta bayan jirgi, shi ne ke bambanta tsawo da gangan, gajeru a ciki dogaye a waje.

Kafin a sayi takwas, a duba doka, domin kowace jiha da tata. A mafi yawan ruwayen Minesota zare ɗaya kacal aka yarda mutum ya jefa in ba lokacin ƙanƙara ba ne. A tafkunan nan huɗu na Misisipi an ƙayyade yawan sandunan kowane mutum, kuma kifin da bai wuce inci 12 ba dole a mayar da shi ruwa. A 2024 hukumar kula da namun daji da kifaye ta jihar ta rage yawan kirafin da mutum zai tafi da shi gida a rana a waɗannan tafkuna daga 15 zuwa 10, bayan yaɗuwar na'urorin da ke nuna kifi yana motsi a gaban jirgi, irin LiveScope da Garmin ya fitar a 2018. Ina goyon bayan wannan ragi. Jirgi mai sanduna takwas da na'urar da ke hango garke daga nesa yana iya kwashe manyan kifayen wuri kafin su yi ƙwai, kuma babban kirafi shekaru yake ɗauka kafin ya kai girman da ake tahowa Grenada dominsa.