Shiga NDA: Yadda ƙaramar matsalar kafaɗa ke hana matasan Gumel barci

A duk shekara, da zarar Kwalejin Horar da Hafsoshin Soja ta NDA da ke Kaduna ta buɗe shafin neman gurbi, shagunan intanet na Gumel sukan cika da samarin da suka gama sakandare, wasu daga Maigatari, wasu daga ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar. Tambayar da suke yi wa juna a ɓoye ba ta JAMB ba ce. Ta jiki ce: ko wannan kafaɗar tawa za ta wuce gaban likita?

Ɗan yayana yana cikinsu. Yana ɗan shekara 12 ya faɗo daga amalanken shanu ranar wata Alhamis, a hanyar kasuwar Maigatari. Mai ɗori ya ɗaure shi, ya warke, amma har yau akwai ɗan tudu a ƙashin da ya haɗa wuyansa da kafaɗa. Yana noman riɗi, yana ɗaukar buhu, ba ya jin komai. Duk da haka abokai sun tabbatar masa cewa ko ƙofar Afaka ba zai gani ba.

Kwalejin, wadda aka kafa a 1964, ta shimfiɗa sharuɗɗa a fili: namiji ya kai tsayin mita 1.68, ba shi da aure, ya gabatar da takardar shaidar asalin jiharsa, sannan ya kasance mai cikakkiyar lafiyar jiki. Wannan na ƙarshe shi ne mai faɗi. Wanda ya ci JAMB da jarrabawar tantancewa zai je gaban kwamitin zaɓe na rundunonin soja, inda ake duba takardu, a gwada ƙarfi, likitoci su bincike jiki tun daga kai har tafin ƙafa. Hukuncinsu shi ne na ƙarshe.

Abin da samarin ba su cika ganewa ba shi ne, matsalar kafaɗa iri-iri ce. Karayar da ta warke ta bar tudu daban take da gocewar kafaɗa. Likitocin ƙashi sun daɗe da sanin cewa matashin da kafaɗarsa ta goce kafin ya kai shekara 20 yana cikin haɗarin ta sake gocewa, domin jijiyoyin da ke riƙe da gaɓar sun saki. Irin wannan ba a ganinta da ido, amma ita ce ke tona asirin mutum a tsakiyar horo, lokacin hawa igiya ko tafiyar dare da jaka da bindiga. Haka kuma kafaɗa ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauka abu ne da ake gani a jikin masu lafiya da yawa, sai dai wani lokaci alama ce ta karkacewar ƙashin baya. Hoton ƙashi ne kawai ke raba gardama, ba majalisar mai shayi ba.

A Amurka, mai neman shiga West Point da aka kayar a gwajin lafiya ana iya sake duba lamarinsa a yi masa sassauci. A nan kuwa, guraben da ake ware wa kowace jiha kaɗan ne, kuma Jigawa na da ƙananan hukumomi 27. Idan likita ya yi kokwanto a kan mutum ɗaya, ga wasu nan a layi. Ga kuma iyakar shekarun shiga, wadda ke sa shekara ɗaya da aka ɓata ta yi tsada.

Shi ya sa, a ganina, kuɗin motar zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ya fi amfani kafin a biya kuɗin fom, ba bayan an dawo daga Kaduna da jaka a ka ba. Ana iya farawa daga Babban Asibitin Gumel a karɓi takardar turawa. Idan gaɓar ta yi rauni ne kawai, watannin gashi da motsa jiki na iya gyara ta. Masu cewa a kawo kuɗi za su “gyara” sakamakon likita kuwa, damfara ce.

Ɗan yayan nawa dai mun kai shi an ɗauki hoton. Ƙashin ya haɗe, hannu yana ɗaguwa har sama babu ciwo. Ya cike fom, yanzu kullum da asuba yana gudu a kan titin Maigatari.