Hannun da ya mutu ya farfaɗo ba lafiya ya samu ba

A unguwannin Hausawan Makka, sau da yawa akan ji an ce dattijo yana shan shayi sai kofi ya suɓuce masa, ko bakinsa ya karkace, ko ido ɗaya ya rufe kamar an saki labule, bayan mintoci kuma ya ware. Sai a yi hamdala, a ce zafin rana ne ko shafar iska. Warewar nan ce ke yaudarar mutane. A kowane gefen wuya akwai babbar jijiya mai kai jini ƙwaƙwalwa. Hawan jini, ciwon suga, taba da shekaru kan sa kitse ya taru a bangonta har ta tsuke, jini ya riƙa daskarewa a wurin. In ɗan gudan jini ya ɓalle ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa, sannan ya narke, alamar takan gushe, amma inda ya fito yana nan, kuma kwanakin farko su ne mafi haɗarin shanyewar ɓarin jiki gaba ɗaya.

Gano cutar ba wuya: na'urar hoto irin ta masu juna biyu ake ɗorawa a wuya. Daga nan, bayan hoton ƙwaƙwalwa, a ba da maganin hana jini daskarewa irin asfirin, da na rage kitse, a daidaita hawan jini. In tsukewar ta yi tsanani, a yi tiyata a kankare jijiyar, ko a zura ɗan bututun waya ya buɗe ta. Masu tsoron wuƙa a wuya suna da hujja, domin aikin kansa yakan jawo shanyewar ga kaɗan daga cikin waɗanda aka yi wa. Sai dai binciken NASCET na 1991, a Amurka da Kanada, ya nuna cewa cikin masu alamu da tsukewar kashi 70 zuwa 99, kashi 26 na waɗanda suka tsaya kan magani sun shanye cikin shekara biyu, waɗanda aka yi wa aiki kuwa kashi 9. Amfanin ya fi yawa in an yi shi cikin mako biyu. Wanda bai taɓa ganin alama ba, lissafinsa daban ne, galibi magani kan wadatar.

Babu mai hana addu'a da zamzam, amma a yi su a kan hanyar asibiti. Ƙaho ba ya kaiwa ga jijiyar, murza wuya kuma na iya ɓallo gudan. Kada a ba mara lafiya asfirin kafin hoton ƙwaƙwalwa, don wata shanyewar fashewar jijiya ce. Akwai kuma masu noƙewa zuwa asibiti saboda matsalar iƙama, wato takardar izinin zama, damuwar gaskiya ce, amma allurar narkar da gudan jini wa'adinta awa huɗu da rabi, ba ta jiran a gama shawara. A kira motar asibiti ta Hilalul Ahmar a 997, a faɗi lokacin da abin ya fara, in gidan na kan dutse ne ko cikin lungun da mota ba ta shiga, a tura wani bakin titi ya tari motar. Asibitin Nur da na Madinatul Malik Abdullah duk suna cikin garin.