Daga Jibiya zuwa Lekki: Ina Bayananmu Suke Kwana?

Idan ɗan kasuwa ya sayar da buhun gero a Jibiya, mai saye ya tura masa kuɗi ta waya, kowa yakan ɗauka cinikin ya ƙare tsakanin mutum biyu da ke tsaye gaba da gaba. Alhali saƙon kuɗin sai ya hau turken sadarwa, ya bi wayar fayiba da ke binne a gefen titi, ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 zuwa Legas, wasu kwamfutoci sun tabbatar akwai kuɗin a asusu, kafin alat ya shigo. In aka samu tangarɗa a hanya, sai mai POS ya ɗaga kafaɗa ya ce babu netwok, a tsaya ana kallon kallo.

Wurin da waɗannan kwamfutoci suke zaune shi ne cibiyar adana bayanai. Gini ne mai ƙarancin tagogi, cike da kantocin ƙarfe jere reras, kowace kanta ɗauke da kwamfutocin da ba a kashe su dare da rana. Zafin da suke fitarwa ya sa na'urorin sanyaya wuri ba sa hutawa. Ana kawo wa ginin wuta ta hanya fiye da ɗaya, ga batura, ga manyan janaretoci da tankunan dizal, domin ɗaukewar wuta ta ɗan lokaci kaɗan tana iya tsayar da banki guda. Shi ya sa masu sana'ar ba sa tambayar faɗin gini, megawat nawa yake ci suke tambaya.

Legas ta kwashe kusan dukan wannan kasuwa, kuma ba don tana da farin jini ba. Teku ne ya ba ta. Manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin ruwa a gabarta suke fitowa: MainOne da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, sai Equiano na kamfanin Google a 2022. Ga hedikwatocin yawancin bankuna da kamfanonin waya duk a can. Rack Centre ya buɗe a Ikeja a 2013, MainOne ya gina tasa cibiyar a Lekki, har kamfanin Equinix na Amurka ya saye MainOne ɗungurungum a kan dala miliyan 320, cinikin da aka kammala a 2022. A 2025 MTN ma ya buɗe tasa a Ikeja. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023, wanda ya tilasta wa har mai shayi karɓar tiransifa, ya ƙara wa kasuwar gudu.

Amma abin da ke riƙe wa Legas ƙafa shi ne abin da ke riƙe wa kowa a ƙasar nan, wato wuta. Ƙasa mai mutane sama da miliyan 200 tana raba megawat 4,000 zuwa 5,000 a yawancin ranaku, kuma babban layin ƙasa yakan faɗi sau da dama a shekara. Mai cibiya dole ya zama mai tashar wutar kansa, da dizal ko da iskar gas. Kayan aikin kuma da dala ake sayo su, kwastomomi suna biya da naira. Duk wannan tsada a kan mai ajiyar bayanai take sauka, shi ya sa har yau kamfanoni da yawa suka gwammace su ajiye nasu a Turai.

Mutanen Jibiya sun ga illar haka a cikin mako guda mai ban mamaki. Ranar 13 ga Maris 2024 Shugaba Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyaka da Nijar, wadda aka rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023. Washegari, 14 ga wata, wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka tsinke a kusa da gabar Kodebuwa. Manhajojin bankuna suka rikice a Najeriya, intanet ya yi rauni har a Nijar. An buɗe hanyar mota, hanyar kuɗi ta toshe, saboda abin da ya faru a cikin ruwan da yawancin 'yan kasuwar Magama, garin kan iyaka kusa da Jibiya, ba su taɓa gani ba. Kafin wannan ma, a Satumbar 2021, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Jibiya, mutane suka koma yin tafiya mai nisa don su buga waya kawai.

To, me ya hana Arewa samun nata rumbun? An fara. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya buɗe cibiyar Galaxy Backbone a Kano, kuma ƙungiyar da ke haɗa layukan intanet na cikin gida, IXPN, tana da mahaɗa a Kano, wadda amfaninta shi ne saƙon Katsina zuwa Kano ba sai ya zagaya ta Legas ba. Sai dai gini ɗaya na gwamnati bai zama kasuwa ba. Mai zuba jari zai tuna Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta kwana fiye da mako cikin duhu. Zai tuna zafin Afrilu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ke toshe matatun iska, da ma'aikatan titi da ɓarayi da ke yanke fayiba. Mu ma muna da abin nunawa: fili mai araha, rana mai yawa, da bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614 idan ya iso Kano da gas a cikinsa. Amma wanda ya san tarihin tashar wutar iska ta Lambar Rimi a Katsina, da shekarun da aikinta ya ci, ba zai yi saurin tafi ba.

A ganina babbar hujjar Kano tana bayan Magama ne. Nijar ba ta da teku, dole intanet ɗinta ya ratsa ƙasar wani. Maraɗi ta fi kusa da Kano nesa ba kusa ba fiye da Kwatano ko Legas, kuma layin dogo mai kilomita 284 da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi ta Jibiya zai wuce. Binne fayiba a gefensa ya fi sauƙi yanzu da ake tona ƙasa. Sai dai akwai maganar amana, wadda ba a cika son faɗa ba. Ƙasar da Najeriya ta yanke wa wutar lantarki a 2023 za ta yi dogon tunani kafin ta ajiye bayanan bankunanta a hannun wanda ya yanke, kuma ga shi Nijar ta kama gina tata cibiyar a Yamai, tare da jawo fayiba ta Sahara daga ɓangaren Aljeriya.

Saboda haka gwamnonin Kano da Katsina da Jigawa, waɗanda kamfanin wuta ɗaya ya haɗa, su fara da abin da ke hannunsu: su sauƙaƙa kuɗin izinin binne fayiba, su hukunta masu yanke ta, su ware fili kusa da tashar wuta, sannan su ajiye bayanan albashi da haraji na jihohinsu a Kano maimakon waje. Ɗan kasuwa ba ya gina shago sai ya hangi mai saye, kuma mai sayen farko a wannan harka gwamnatocin nan ne.