Gwajin buɗewar bakin mahaifa: Abin da matan Sabon Ibadan ke gudu, da abin da ya kamata su nema

Daga unguwar Sabo da ke gefen Mokola a Ibadan zuwa ƙofar Asibitin Koyarwa na UCH tafiyar mintuna kaɗan ce a mota. Asibitin haihuwa na Adeoyo da ke Yemetu, wanda aka kafa tun 1928, shi ma ba nisa. Wanda ya dubi taswira zai ce matan wannan unguwa ta Hausawa sun tsira daga babbar matsalar 'yan'uwansu na ƙauyukan Arewa, wato nisan asibiti. Sai dai ba hanya kaɗai ke raba mai ciki da ɗakin haihuwa ba. Akwai wani gwaji da mata ke raɗa wa juna labarinsa a gidan suna, wanda tsoronsa kan sa wata ta daure naƙuda a ɗaki har ta galabaita: ma'aikaciyar jinya ta sa safar hannu ta zura yatsu biyu don auna yadda bakin mahaifa ya buɗe.

An ware Sabo a matsayin mazaunin Hausawa a 1916, kuma cinikin goro da na shanu ne suka raya ta. Masanin halayyar al'umma Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960, ya bayyana a littafinsa na 1969 yadda mazaunanta suka riƙe harshensu da addininsu da kullen matan aure a tsakiyar birnin Yarabawa. Abubuwa da yawa sun sauya tun lokacin, 'ya'yan Sabo na yau suna jin Yarabanci, wasunsu ma su ne ma'aikatan lafiyar. Amma kunyar cikin fari tana nan, kuma amaryar da aka kawo daga Katsina ko Sakkwato bara za ta iya samun kanta a gadon asibiti a gaban mutanen da ba ta jin harshensu, ana ba ta umarni da hannu.

Mene ne ake nema da wannan gwaji? A tsawon watannin ciki bakin mahaifa a rufe yake, mai kauri da tauri. Idan haihuwa ta matso sai ya yi laushi, ya gajarce, ya fara buɗewa, har ya kai kimanin santimita 10, faɗin da kan jariri zai iya wucewa. Yatsun ungozoma suna gaya mata wannan faɗi, da inda kan yaro ya sauko, da yadda ya juya, da ko faya ta fashe. Har yau babu wata na'ura mai araha da ta maye gurbin hannu a wannan aiki.

To amma akwai bambanci tsakanin gwajin da ake yi ana cikin naƙuda da wanda ake yi a ranar awo a makonnin ƙarshe. Na biyun ba ya faɗin ranar haihuwa. Mace mai haihuwa ta uku ko ta huɗu za ta iya yawo da buɗewar santimita 2 ko 3 har mako biyu ba tare da ciwo ba, wata kuma a ce mata a rufe yake da safe, ta haihu kafin asuba. Inda yake da amfani shi ne idan ciki ya wuce lokacinsa, ko hawan jini ya sa likita yana tunanin tayar da naƙuda. A nan dole a san ko bakin mahaifa ya nuna, bisa ma'aunin da likita Edward Bishop ya tsara a Amurka a 1964. In ba haka ba, mai lafiyayyen ciki tana da damar tambayar dalilin gwajin, tana kuma da damar cewa a bari.

Akwai ma lokutan da gwajin kansa haɗari ne. Idan mai ciki tana zubar da jini, ba a zura hannu sai hoton ciki ya tabbatar cewa mabiyiya ba ta tare hanya ba, domin taɓa ta na iya ɓalle jinin da zai kai ga rasa rai cikin ɗan lokaci. Idan kuma faya ta fashe naƙuda ba ta kankama ba, kowane shigar hannu ƙarin hanya ce ga ƙwayoyin cuta. Wannan gargaɗi ya fi shafar gidaje da ƙananan ɗakunan shan magani na lungu, inda wani lokaci ake gwadawa sau da yawa da hannun da ba a tsabtace yadda ya kamata ba.

A ɗakin naƙuda labarin daban ne, kuma Najeriya na da hannu a tarihinsa. A 1954 Emanuel Friedman ya zana yadda buɗewar ke tafiya awa bayan awa. A 1972 Philpott da Castle, a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, suka mayar da wannan zane takardar bin diddigin naƙuda mai layin faɗakarwa, bisa ƙa'idar santimita ɗaya a kowace awa. Shekaru da dama da wannan sanda ake auna mata. Wadda ta yi jinkiri sai a rataya mata ruwan naƙuda ko a fara maganar tiyata.

Binciken da ya girgiza wannan ƙa'ida an yi shi ne a asibitoci 13 na Najeriya da Uganda, ciki har da na Abuja, a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya. Sakamakon da Dakta Olufemi Oladapo da abokan aikinsa suka fitar a 2018, daga mata 5,606 da suka haihu lafiya, ya nuna cewa kafin santimita 5 naƙuda kan yi tafiyar hawainiya, kuma mata da yawa ba sa cika santimita ɗaya a awa alhali babu abin da ya same su ko jariransu. A shekarar ce hukumar ta sauya shawararta: naƙuda mai ƙarfi tana farawa daga santimita 5, jinkiri kaɗai ba hujjar gaggauta haihuwa ba ne, kuma ga macen da ba ta da wata matsala, gwajin hannu sau ɗaya a kowace awa huɗu ya wadatar. A 2020 ta fitar da sabuwar takardar kula da naƙuda a kan wannan tsari. Wato matan da suka haihu a asibitocin da ma'aikacin gwamnati ke wucewa kullum a hanyar ofis suna cikin waɗanda suka sauya littafin koyarwa na duniya.

Kada wannan ya sa a raina gwajin. Shi ne ke tona asirin naƙudar da ta tsaya cik saboda kan yaro ya fi ƙarfin ƙugu. Farfesa Kelsey Harrison, wanda ya yi karatu da aiki a Ibadan kafin ya koma Zariya, ya bi haihuwa 22,774 a can, ya wallafa sakamakon a 1985. Abin da ya fi fitowa fili shi ne matan da ba su yi awo ba, aka kawo su a makare, su ne suka fi mutuwa. Doguwar naƙuda ce uwar yoyon fitsari, kuma a wasu gidaje maganin da ake bi da ita shi ne yankan gishiri, wanda ke ƙara ɓarna. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mata kimanin 82,000 sun mutu a Najeriya a 2020 sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya.

Saboda haka matsalar tana ga yadda ake yin gwajin. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2019, wanda aka yi a Najeriya, Ghana, Gini da Myanmar, ya gano cewa kusan kashi 59 cikin 100 na gwaje-gwajen da masu binciken suka shaida an yi su ne ba tare da neman izinin matar ba. Wannan adadi abin kunya ne. Macen da aka taɓa ba sallama, ba labule, ɗalibai na tsaye a kanta, ba ta bukatar kowa ya hana ta komawa. Ita ce ma za ta hana ƙanwarta. A unguwa irin Sabo, inda gida ke manne da gida, labari ɗaya ya isa.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majinyaci halin da yake ciki da zaɓin da ke gabansa da haƙƙinsa na ƙin amincewa, kuma ta ce a yi hakan da harshen da ya fahimta gwargwadon iko. Kundin haƙƙin majinyata da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar a 2018 ya ƙara jaddada sirri da mutuntawa. Abin da ya rage aiki ne na masu rubuta kasafi da masu sa ido: labule tsakanin gadaje, isassun safar hannu, ma'aikaciya mace idan an nema, da mai fassara ko 'yar rakiya da za a bari ta shiga. Duk cikinsu babu mai tsadar injin hoton ciki guda ɗaya. Shirin tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi da Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar a Nuwamba 2024 zai amfani wadda ta iso asibiti da wuri ne kawai, kuma wannan gwaji na cikin abubuwan da ke nuna wa ke bukatar tiyatar.

Ga magidancin da ke aiki a Abuja alhali iyalinsa na Sabo ko na gida Arewa, hutun kwana 14 da gwamnatin tarayya ta amince wa maza ma'aikata a 2021 yana zuwa ne bayan haihuwa. Shawarar da ta fi muhimmanci ana yanke ta tun kafin nan: wane asibiti za a je, wa zai raka ta, wa ke da izinin fita da ita da tsakar dare ba sai an jira wayarsa ba, da kuma sanar da uwar miji da ungozomar gida cewa idan aka ga jini ko ruwa ya fashe, ba a sa hannu, mota ake nema.