Jumbo Da Abin Da Tsofaffin Hotuna Ke Ɓoyewa

Akwai wani tsohon hoto da aka ɗauka a garin St. Thomas na ƙasar Kanada a watan Satumban 1885. Gawar wani toron giwa ce kwance a gefen layin dogo, mutane sun kewaye ta suna fuskantar mai ɗaukar hoto, sai ka ce taron biki. Sunan wannan dabba Jumbo, kuma jirgin ƙasa ne ya banke shi ranar 15 ga watan, bayan an tashi daga wasa.

Asalin Jumbo daga Sudan ne. Yana ɗan ƙarami mafarauta suka kama shi, aka tsallaka da shi Turai. Ya zauna a gidan namun dajin Paris, kafin a mayar da shi na Landan a 1865, inda ya shafe shekaru yana goya yara a bayansa. A 1882 mai gidan wasannin nan na Amurka, P. T. Barnum, ya saye shi a kan fam 2,000, duk da ƙorafin da mutanen Ingila suka yi. Shekara uku kacal ya yi a hannunsa.

A yau masu tara kayan tarihi suna sha'awar irin waɗannan hotuna: giwa a kan turmi, zaki a kan kujera, mai horarwa cikin kwalliya. Sai dai akasarinsu don talla aka ɗauke su, mai talla kuwa ba ya nuna aibin hajarsa. Sarƙa da ƙugiyar horo da doguwar tafiya cikin tarago ba kasafai suke fitowa ba. Ƙasusuwan Jumbo da ke ajiye a New York su suka tona asiri. Da masana suka bincike su, sun tarar haƙoransa sun lalace, gaɓoɓinsa kuma sun tsufa tun bai kai shekara 30 ba.

Ba ina cewa a ƙona hotunan ba ne, domin shaida ce ta tarihi. Abin nema shi ne mu koyi karanta su. Kamfanin Ringling da ya gaji Barnum bai daina wasa da giwaye ba sai a 2016. Mu ma da muke ɗaga waya mu ɗauki gardi da kurarsa a kasuwa, ya dace mu dubi takunkumin da ke bakinta kafin mu tafa.