Ƙananan Halittun Da Ke Yi Mana Aiki A Hanji

Duk wanda ya sha fura da nono a kasuwar Dutsin-Ma ko ta Kurfi, ya haɗiye miliyoyin ƙananan halittu masu rai, waɗanda su ne ke sa madara ta yi tsami. Ire-irensu kuwa sun daɗe a cikinmu. A 2016 masana sun ƙiyasta cewa jikin baligi yana ɗauke da bakteriya wajen miliyan sau miliyan 38, galibinsu a babban hanji. Su ke narkar da dusar gero da hanji ya kāsa, su samar da bitamin K, su kuma hana miyagun ƙwayoyi masauki. Abin takaici, kafson da ake saye a kemis ba da iznin likita ba, ba ya bambanta mugu da nagari, shi ya sa zawo kan biyo bayansa.